Rigar da Tela Ya Ɗinka wa Gidan Yaya

Duk abin daga dutsen guga ya faro. Na Tela ya ƙone ran Litinin da safe, ya taho aron na yayarsa, sai ya tarar da ita tsaye a ƙofar gida suna magana da dillali. Da ya karɓi abin da ya kawo shi ya juya, da an zauna lafiya. To amma Tela mutum ne da magana ba ta wuce kunnensa, in kuma ta shiga sai ta fito ta bakinsa da 'ya'ya.

Yaya, haka duk layin suke kiranta, shekara uku ke nan da rasuwar mijinta. 'Yarta ɗaya tilo tana aure a wani gari mai nisa, ga ciki ya tsufa, an ce tagwaye ne, an hana ta ko ɗaga bokiti. Yaya ta samu wani ɗan gida kusa da ita, mai shi ya ce zai jira ta zuwa ƙarshen wata. In ta sayar da nata ta zo, in bai sayu ba ya ba wani. Saura kwana goma sha biyu, kuma mai saye ɗaya ce tak ta nuna sha'awa.

"Likita ce, an yi mata canjin wurin aiki zuwa nan," in ji dillali. "Ta ga hotunan ciki, sun yi mata. Ran Asabar da hantsi za ta zo ta gani da idonta. Ni dai a share ƙofar gida, a wanke ƙyauren nan, in da hali a ɗan shafa fenti. Mai saye tun daga bakin titi yake gama shawara."

"Fenti?" Tela ya ajiye dutsen guga a kan dakali. "Kai da kake sayar da gidaje, fenti kawai ka sani? Shekarata talatin ina gyara mutane. Na sha ɗaukar mutum mai tumbi kamar randa in mayar da shi ɗan saurayi da yadi huɗu. Gida kuma mene ne? Mutum ne da ba ya motsi. Ya ma fi sauƙi, ba zai ce maka ya matse shi a hammata ba."

"Auta, don Allah," in ji Yaya. Shekararsa hamsin da ɗaya, amma a wurinta har gobe Auta ne. "Tsintsiya da ruwa aka ce."

"Yaya, ki shiga ciki ki yi ta haɗa kayanki. Waje nawa ne."

Ya zaro tef daga wuyansa, ya ciro alli daga bayan kunne, ya tsallaka titi ya tsaya gaban garejin makaniki, ya rufe ido ɗaya yana ƙare wa gidan kallo. Nan take ya gano cutar. Ƙofa tana hagu, taga tana dama, ga bishiyar mangwaro ta karkata ta rufe rabin bango. In da za a ninke gidan nan biyu kamar yadi, babu inda dama za ta haɗu da hagu. Ya ji tausayin yayarsa ƙwarai, shekara talatin tana zaune cikin karkataccen ɗinki ba ta sani ba.

Ran Talata ya zo da tsani da zarto. Reshe ɗaya kawai ya yi niyyar ragewa, wanda ya fi tsawo ta hagu. Da ya sauko ya tsallaka titi ya rufe ido ɗaya, sai ya ga yanzu dama ce ta fi. Ya hau ya rage dama. Ya sauko, hagu ta sake yin gaba.

Makaniki ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu. "Tela, aski kake mata ko yanka?"

"Daidaita kalmasa nake. Kai ka tsaya a kan baƙin manka."

Wajen azahar wani reshe ya sauka a kan rumfar mai shago, matar da ke sayar da kayan masarufi a gefen gidan, ya watsa mata tiren ƙwai. Ta fito tana salati, ta ce wa zai ɗauki wannan ɓarnar. Tela daga sama ya ce ta gode wa Allah, yanzu masu wucewa za su riƙa ganin shagonta. Kafin la'asar mangwaron da ya yi shekara ashirin yana ba layin inuwa ya koma sanda mai ɗan tukku a ka, kamar tsintsiyar da aka kafe a ƙasa. Amma fa ta daidaita, wannan ko makaniki bai musa ba.

Sai dai bishiyar ashe aiki take yi. Da ta kau, bangon da take ɓoyewa ya fito fili: tsaga tun daga ƙarƙashin kwano har gindin taga, ga tabon ruwan sama, ga inda siminti ya ɓare. Yaya ta fito zubar da shara, ta ɗaga kai, tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

"Auta, ina bishiyata?"

"Ga ta nan, Yaya. Ta rame ne kawai."

"Wannan tsagar fa? Likita za ta gani tun daga kan kwana!"

"Ki kira magini," in ji makaniki. "Yini ɗaya ya toshe, mai fenti ya bi baya."

"Magini!" Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wanda zai zo ya yi mata faci kowa ya gani? In riga ta yage a gaba, gwani ba ya faci. Sabuwa yake ɗorawa a kai."

Ran Laraba da sassafe aka ga mai kura ya sauke keken ɗinki a ƙofar gidan Yaya, ya koma ya kawo bandir shida na yadin labule. Kore ne shar, da furanni ruwan ɗorawa kowanne ya kai faranti. Shekara huɗu yana shagon Tela, duk wanda aka nuna wa sai ya ce zai je ya dawo. Tela ya ce dama yadin jiran mai jikin da ya dace da shi yake.

Ya auna gidan da tef ɗinsa na wuya, taku ɗaya da rabi a kowane jefi, yana rubuta lamba da alli a jikin bango. Kafaɗa, wato daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsawo, daga kwano zuwa ƙasa. Ya shimfiɗa yadi a tsakiyar titi, masu babur suna kewayewa suna zagi, shi kuwa yana taka keke yana waƙa. Mutanen layi suka fito da kujeru. Wani tsohon direba da ya daina fita tun da gwiwa ta kama shi ya sa aka ɗauko shi da kujerarsa, ya ce wannan ba abin da za a ba shi labari ba ne.

"Wannan jakar ta mece ce?" in ji mai shago, da ta ga yana haɗa wani abu mai girman buhu.

"Aljihu."

"Gida da aljihu?"

"Kin taɓa ganin na sallami riga babu aljihu? Biyu ne ma. Mai kawo wasiƙa ya jefa a dama, mai kawo takardar wuta ya jefa a hagu."

"To saura maɓalli," in ji makaniki, don tsokana.

Tela ya tsayar da keke, ya dube shi da girmamawa a karon farko. "Ashe kana da kai."

Babu maɓallin da ya kai girman gida a kasuwa, saboda haka ya shiga kicin ɗin Yaya, ya buɗe kwalin da ta riga ta ɗaure, ya kwaso marafan tukwane bakwai. Ya huda kowanne da ƙusa huɗu-huɗu.

Ran Alhamis da yamma ɗinki ya haɗu, saura wurin shiga. A nan ne Tela ya yi abin da hannunsa ya saba yi sau dubu ba tare da ya tambayi kansa ba. Ya ninke yadin biyu, gefe ya haɗu da gefe, ya ɗora almakashi a kan ninkin, ya yanke wurin ƙofa a tsakiya cif, yadda ake fitar da wuyan riga. Ya yi masa kalmasa, ya bi bakin da zare mai ƙyalli. Ya yi kyau, gaskiya.

Ran Juma'a aka yi gwaji. Makaniki da tsohon yaron garejinsa mai furfura suka riƙe tsani, don su ma suna son ganin ƙarshen abin. Tela ya bi katakon da ke ƙarƙashin kwano yana buga ƙusa, ya ja yadin ya zagaya kusurwa, ya ɗaure a ƙarfen taga, ya ɗaure a indararo. Ya sauko, ya tsallaka titi, ya rufe ido ɗaya.

Gida ya sa riga. Ga furanni, ga aljihu biyu, ga marafan tukwane suna sheƙi a jere. A tsakiya kuma ga kyakkyawar ƙofa mai zare mai ƙyalli, in ka leƙa cikinta ba abin da za ka gani sai bango da tsagarsa.

Sai aka ji ana dukan yadi daga ciki, can ta hagu, wani fure yana kumbura yana lotsawa.

"Auta! Wa ya kashe rana? Ina ƙofata?"

Tsohon direba ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

"Tela, ƙofar gidan a hagu take," in ji makaniki.

"Na sani. Kuskuren magini ne. Wane mai hankali ne zai sa wuya a kafaɗa?"

"Ka fitar da ni!" in ji furen.

Tela bai rikice ba, ba ya daga cikin halinsa. Ya tsaga yadin daidai ƙofar gaskiya, ya fitar da Yaya tana haki, ya ruga shago ya kawo wani dogon zif da ya cire daga tsohuwar jakar katifa, ya ɗinke shi a wurin da hannu. Ƙofar tsakiya kuwa, tunda an riga an yi mata ado, ya samo ragowar fenti ruwan ƙasa ya zana ƙyaure a jikin bangon, ya buga mariƙin durowa. Ya ce gida mai ƙofa biyu ai ya fi daraja.

Yaya ta ja shi gefe. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi ihunta tsoratarwa. "Auta, yarinyar nan jiya ta kira ni tana kuka, ƙafafunta sun kumbura, ba mai miƙo mata ruwa. Ka cire wannan abin. Na yarda likita ta ga tsagar."

Maganar ta taɓa shi, don yana son 'yar nan kamar shi ya haife ta. Amma irin son Tela ba ya sa shi ja da baya, ƙara wuta yake. "Saboda ita nake yi, Yaya. Saura sitaci kawai. Riga ba sitaci ai tsumma ce."

Ya dama sitaci bokiti takwas, ya ari abin feshin mai wankin mota, ya jiƙa gidan sharkaf tun daga kafaɗa har ƙasa. Abin da ya manta, shi da yake gargaɗin kowane mai kawo ɗinki a kai, shi ne wannan yadin ba a taɓa wanke shi ba, kuma irin wanda yake tsukewa ne in ya sha ruwa ya bushe.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Tun ƙarfe tara rigar ta fara bushewa tana ɗamewa. Furannin da suke zagaye suka fara komawa kamar ƙwai. Ƙarfen taga yana wata ƙara a hankali. Tela, cikin sabuwar riga da tef a wuya, ya ce wannan shi ake kira ɗinki ya zauna a jiki.

Ƙarfe goma da rabi wata farar mota ta tsaya. Dillali ya fito ta gaba, ya kalli gidan, ya kalli lambar gidan maƙwabta, ya sake kallon gidan. Likita ta fito, mace mai natsuwa da tabarau, jaka a hannu.

"Nan ne?"

"Da nan ne," in ji dillali.

"Barka da zuwa, Likita!" Tela ya tare ta. "Ni ne na yi aikin waje. Ki taɓa ki ji, ba ya zuba."

Likita ta gyara tabarau. Ta nufi ƙofar tsakiya, ta yi sallama, ta ƙwanƙwasa, ta yarfe hannu don zafi. Ta kama mariƙi ta ja, ya biyo ta.

"Wannan ta ado ce. Ta shiga tana nan." Ya kai ta wurin zif, ya kama ya ja. Zif ya ce bai san zancen ba. Yadin ya ɗame shi har haƙoransa sun fito.

"Yaya! Miƙo kyandir in goga masa!"

"Ta ina zan miƙo?" in ji Yaya daga ciki.

"Akwai mutum a ciki?" in ji Likita. "Tana samun iska?"

"Yadin yana numfashi," in ji Tela.

Ya sa haƙori, ya sa filaya da makaniki ya miƙo masa, ya taka bango da ƙafa ɗaya ya ja da dukkan ƙarfinsa. A nan maɓalli na farko ya gaji. Murfin tukunya ya tsinke ya tashi, ya tsallaka titi yana juyi, ya daki allon garejin makaniki, ƙau! Na biyu ya shige shagon mai shago, aka ji kwalabe suna amsawa. Na uku ya sauka a kan farar mota ya yi ta rawa kafin ya kwanta. 'Yan kallo suka watse suna kare kai da kujeru, ban da tsohon direba da ba shi da gwiwar gudu, ya dai ja hula ya rufe fuska yana cewa a gaya masa in an gama.

Daga nan ƙusoshi suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, kamar ana farke ɗinki. Indararo ya sauko. Ƙarfen taga ya fito da firam ɗinsa. Sitaci ya riga ya manne yadin da bango, saboda haka da rigar ta tashi tuɓewa ba ta tafi ita kaɗai ba, ta ɗebo duk simintin fuskar gidan ta taho da shi. Ta yi wata irin bajewa a iska, ta rufe Likita da dillali da Tela da rabin mota.

Ƙura ta lafa. Wani abu ya yi ta motsi a ƙarƙashin furanni, can sai ga kan Likita ya ɓullo ta aljihun dama, tabarau a karkace, sitaci a gira.

"Kin ga amfanin aljihu," in ji muryar Tela daga wani wuri a ƙasa.

Babu wanda ya yi dariya, don Yaya ta fito. Ta tsaya ta kalli gidan da ta yi shekara talatin a ciki, tsirara, bulo a waje, taga a ƙasa, sandar mangwaro a gefe. Ta zauna a kan dakali, ta ciro waya, ta kira 'yarta. Kowa ya ji ta. "Ki yi haƙuri, uwata. Ba na jin zan samu zuwa." Ta kashe, ta rufe fuska da mayafi. Tela ya rarrafo daga ƙarƙashin yadi, ya tsaya a gefenta. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har tef ɗin wuyansa ya yi masa nauyi.

Likita ta kakkaɓe jikinta ta nufi mota. Sai wata mata ta ratso taron ta sha gabanta. Matar Tela ce, wadda duk makon nan ba ta ce uffan ba.

"Likita, ɗaki nawa kike nema?"

"Uku, da tsakar gida."

"Akwai wani a bayan layin nan. Taku kaɗan ne. Zo ki gani."

"Wane gida ne a bayan layi?" in ji Tela.

"Taho ka gani, Maigida, ka san shi."

Duk layin suka bi su, har da tsohon direba a kan kujerarsa, mutum biyu suna ɗauke da shi. Matar Tela ta tsaya a ƙofar gidansu. Fenti ya koɗe, amma bango lafiya lau, ƙofa tana inda ƙofa take, ga bishiyar lemo da duk rassanta. Likita ta zagaya ciki da waje, ta fito ta tsaya.

"Wa yake kula da wajen gidan nan?"

"Babu kowa. Shekara ashirin ina roƙonsa ya buga ƙusa ɗaya, bai samu lokaci ba."

"Mijinki bai taɓa gyara shi ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Ina so."

Matar Tela ta juyo. "Ga yadda za a yi. Likita ta sayi wannan, Yaya ta karɓi kuɗin ta tafi wurin 'yarta. Mu kuma mu koma wancan da ka yi wa ado. Girmansu ɗaya, dillali yana nan, shaidu ga su har sun yi yawa."

"Gidana?" in ji Tela. "Ɗakina? Lemona?"

Ya dubi makaniki, makaniki ya dubi sama. Ya dubi Yaya, ta sauke mayafi, idanunta jawur, ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take.

"Dama," in ji shi a hankali, "dama shirin ke nan tun farko. A nuna mata wancan, don ta ga darajar wannan."

"Allah ya ƙara basira," in ji mai shago. "Ƙwaina fa?"

Kwana shida bayan haka motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan da yanzu ya zama na Tela. Har lokacin babu taga, an toshe wurin da kwali, matarsa kuma ta kulle almakashi da tsani a ɗaki ɗaya ta rataya makullin a wuyanta. Yaya ta shiga gaba kusa da direba. Tela ya leƙo ta gilashi, idonsa ya ciko da ƙwalla, don tun da aka haife shi bai taɓa kwana a garin da babu ita ba.

"Yaya, ki gaishe ta. In an sauka lafiya zan zo." Ya share ido. "Ki ba ni kwatancen sabon gidan. In na zo sai in duba fuskarsa, in ga abin da yake buƙata."

Yaya ta kama hannunsa ta riƙe, ta daɗe tana kallonsa da ƙauna.

"Auta, in ka iso tasha ka kira ni. Mu za mu zo mu same ka a can." Ta juya wurin direba. "Ja mu tafi, ɗana. Kada ka gaya masa ko sunan unguwar."